Yadda ake ƙwato rafi daga kachala: jagora ga masunta da manoman fadamar Haɗeja, da abin koyi daga bakin teku

Mutanen Auyo, Miga, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ba sa buƙatar a gabatar musu da kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, domin ita ce ta toshe rafukan da iyayensu suka bi da kwale-kwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta kuma zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa masunta a wasu ƙasashe masu nisa suna fama da matsala mai tushe irin wannan, sai dai tasu ba ciyawa ba ce, wata halittar teku ce da ake kira jelifish, wadda ta fara barin tsakiyar teku tana kutsawa cikin mashigar koguna. Sanin yadda hakan ya faru a can yana taimakawa wajen gane dalilin da ya sa gayyar yankan kachala take yawan tashi a banza a nan, da kuma yadda za a yi ta ta yi amfani.

Jelifish halitta ce mai laushin jiki, ba ƙashi ba ƙaya, zagayayya daga sama, da wasu zarurruka suna reto a ƙasanta, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Abincinta ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, har da ƙwan kifi da 'ya'yansa, wato tana cin abincin kifi tana kuma cin zuriyarsa. Mashigar kogi, inda ruwan daɗi ke gauraya da ruwan gishiri, nan ne kifaye da yawa na teku suke renon 'ya'yansu. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma muddin kogi yana turo ruwan daɗi da ƙarfi, gishirin mashiga yakan yi ƙasa har ya gagari yawancin halittun teku. Idan aka datse kogin daga sama, ko fari ya rage shi, ruwan gishiri sai ya hauro, su kuma su biyo shi.

Haka ta faru a kogin Guadiana da ke kan iyakar Fotugal da Sifaniya. A 2002 aka rufe ƙofofin babban dam na Alqueva, ambaliyar da takan wanke mashigar kogin ta ragu, kuma a 2008 aka tarar da wata baƙuwar jelifish mai suna Blackfordia virginica ta yi kaka-gida a wurin. A Bahar Aswad kuwa, tekun da ke arewacin Turkiyya, wata halitta mai kama da ita mai suna Mnemiopsis leidyi, wadda asalinta gaɓar Amurka ce, ta iso a farkon shekarun 1980 cikin ruwan da manyan jiragen dakon kaya ke ɗurawa a cikinsu don kada su yi tangal-tangal. Ta tarar da teku wanda takin gonaki da dagwalon birane suka riga suka gurɓata, wanda kuma aka riga aka kwashe kifinsa fiye da kima, sai ta hayayyafa ba kama hannun yaro, har kamun ƙananan kifin da masuntan yankin suka dogara da shi ya faɗi warwas wajen 1989 zuwa 1991. A 1999 an gan ta a Tekun Kasfiya. Akwai wani abu kuma game da yawancin jinsunan jelifish da ya kamata mai yaƙi da kachala ya riƙe: wadda ake gani tana iyo ba ita ce tushen ba. Tushen wani ɗan mitsitsin tsiro ne da ke manne a jikin ginshiƙin gada ko dutse a ƙarƙashin ruwa, yana zaune shekara da shekaru yana sako sababbi, saboda haka ko an kwashe na sama da taru, na ƙasa yana nan.

Misalin da ya fi kusa da mu yana kogin Senegal, kuma shi ta ɗaya gefen ya zo. A 1986 aka kammala dam na Diama kusa da bakin kogin, musamman domin a hana ruwan gishiri haurowa cikin gonaki a lokacin rani. An hana shi kuwa, amma da ruwan ya zama mai daɗi, tsayayye, wanda ba ya ƙafewa, sai wannan ciyawa tamu ta mamaye gaɓar kogin a ɓangaren Senegal da na Muritaniya, tsargiya kuma ta ɓarke a garin Richard Toll. Ke nan ko gishiri ne ya shigo ko gishiri ne ya fita, dalilin guda ne: an sauya wa ruwa ɗabi'arsa, sai halittar da sabuwar ɗabi'ar ta yi wa daidai ta danne sauran.

A namu yankin ba gishiri a cikin maganar, lokaci ne ya sauya. Kafin a kammala dam na Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin Haɗeja yakan cika ya tumbatsa da damina, sannan ya janye da rani har yashi ya bayyana a wurare da dama. Wannan ƙafewar ita ce take kashe kachala kowace shekara, ambaliyar kuma ita ce take share laka daga rafuka. Yanzu ana sakin ruwa da rani saboda noman ban-ruwa da ruwan shan birnin Kano, ambaliyar ta rage ƙarfi a shekaru da yawa, rafin Marma da tafkin Nguru da fadamun da ke tsakani sun koma wuraren da ba sa bushewa. Kachala ba daga wata nahiya aka kawo ta ba, tsiro ce da ake samu a ƙasashe masu zafi har da Afirka tun asali. Ruwa marar zurfi da ba ya janyewa shi ne ya ba ta sarauta. Wanda ya riƙe wannan zai gane cewa makamin da ya fi adda kaifi a wannan aiki shi ne ruwan kansa.

Saboda haka matakin farko ba yanka ba ne, sanin ruwan wurinku ne. A sami dattawan masunta a tambaye su dalla-dalla: “Baba, a zamaninku a wane wata wannan rafin yake yankewa? Ta ina kwale-kwale yake bi zuwa kasuwa? Ina ne gurbin da ya fi zurfi?” Amsoshinsu su ne za su nuna ainihin hanyar ruwa ta dā, wadda yanzu ta ɓace a cikin duhuwar ciyawa, kuma ita ya kamata a buɗe, ba wata sabuwa da za a ƙirƙira ba. Daga nan a kafa turke mai ƙarfi a bakin rafi, a yi masa zane da fenti a kowane santimita 10, a ɗora wa wani mai karatu alhakin rubuta inda ruwa ya kai kowace Juma'a. Aiki ne da ake rainawa, amma ba tare da shi ba za a yi ta yanka ne a kan zato, kuma a ƙarshe shi ne hujjar da za a kai gaban hukuma.

Sai zaɓen wuri. Babu ƙauyen da zai iya share fadama gaba ɗaya da hannu, kuma duk gayyar da ta ɗauko wannan buri takan watse tun ba a je ko'ina ba. A zaɓi rafi guda, ko mashigar da ke kai ruwa gonaki, ko mashayar shanu, a ƙudurta cewa za a buɗe ta a kuma tsare ta. Siririyar hanya mai gudu ta fi faffaɗan fili da aka sassabe aka bari, domin ruwa mai gudu yana kwashe laka, zurfi yana ƙaruwa, kachala kuwa ba ta jin daɗin ruwan da ya wuce tsayin mutum.

Kafin a sa rana, a yi magana da maƙwabta na sama da na ƙasa. Ruwan da kuka buɗe wa hanya gonar wani zai faɗa, ciyawar da ta kuɓuce muku kuma a rafin wani za ta tsaya. Hanyar da ta dace ita ce mai unguwa ya kai maganar ga dagaci ko bulama, a kira Sarkin Ruwa, a kira Arɗo saboda makiyaya suna da haƙƙi a mashaya, a zauna a yanke ranar da kowa zai fito. A wannan zama ne ya kamata a taɓo maganar dumba, duk da nauyinta. Dumba ita ce jerin gura, wato tarkon kifi, da aka datse rafi da shi daga gaɓa zuwa gaɓa. Wannan jeri yana rage gudun ruwa, yana tara laka da tarkace, kuma a bayansa ne kachala take fara kafuwa. Ba dole ne a hana mai dumba sana'arsa ba, amma a nemi ya bar ƙofa a tsakiya. Wanda zai faɗi wannan a gaban dagaci ya faɗe shi da ladabi, ya ce, “Ranka ya daɗe, ba mun zo ƙarar kowa ba ne, ruwan ne muke so ya wuce,” domin idan zaman ya koma shari'a tsakanin masunta da manoma, gayya ta mutu.

Yanzu ga yankan kansa, inda mafi yawan kuskure yake. A tsinko ganyen kachala guda a tsaga shi da farce, za a ga cikinsa ramuka ne birjik kamar soso. Ta waɗannan ramuka iska take sauka daga sama zuwa saiwar da ke kwance cikin laka, wata farar jijiya mai kauri da ke tafiya a kwance tana fitar da sababbin tsirrai, tana kuma ajiye abinci. Lakar ba ta da iska, saboda haka rayuwar saiwar ta rataya ne a kan duk wani kara da ya leƙo saman ruwa, kore ne ko busasshe. Idan aka yanke ciyawar a saman ruwa, an yi mata aski ne kawai, cikin 'yan makonni za ta dawo. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya nutse, iska ta yanke, saiwar sai ta fara ruɓewa.

Ma'aunin shi ne a bar aƙalla taƙi guda na ruwa a kan kututture, wato santimita 20 zuwa 30, kuma gara a zurfafa fiye da haka, saboda da zarar an buɗe hanya ruwa yakan ja baya, kututturen da aka bari dab da sama ya fito ya sha iska. Lauje mai doguwar ƙota ya fi adda a nan, domin adda tana rasa ƙarfinta a cikin ruwa. Mai yanka ya kama dami da hannun hagu, ya zura laujen ƙasa har kusa da laka, ya ja shi zuwa gefe, ba zuwa ƙafarsa ba. Inda ruwa ya kai ƙirji a yi aikin daga cikin kwale-kwale, mutum guda yana riƙe da gora yana tsayar da jirgi, ɗaya yana yanka. Kada a bar ko tsibiri ɗaya a tsaye a tsakiyar wurin da aka share, har da busassun karare na bara, saboda saiwoyin a haɗe suke a ƙasa, kuma 'yan karare kaɗan suna iya shayar da faɗin wuri da iska. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin mutum goma masu haƙuri yake fin na mutum ɗari masu gaggawa.

Lokacin yanka yana da alamu biyu. Ta farko ita ce sa'ad da ciyawar ta fara fitar da kai, kafin zangarniyar ta nuna ta yi ruwan ƙasa, domin a lokacin ne saiwar ta zuba mafi yawan ajiyarta a sama ta yi rauni, kuma yanka a lokacin yana hana iri tashi. Zangarniya guda tana iya ɗaukar iri fiye da 100,000, ƙanana masu gashi da iska ke kwasa zuwa nesa. Alama ta biyu ita ce ruwa yana hauhawa ko yana tsaye, ba yana janyewa ba, kuma turken nan shi zai faɗa. Idan alamun biyu ba su haɗu ba, a ra'ayina a bi ta ruwa, saboda yankan da ruwa bai rufe ba ɓata ƙarfi ne ko da a wane wata aka yi shi. Sai dai kada a shiga rafi sa'ad da ambaliya take tsakiyar ƙarfinta a Agusta da Satumba. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Jigawa a 2022 ba ya buƙatar a ja masa kunne.

Abin da aka yanka a fitar da shi tudu a ranar. Idan aka bar shi yana yawo, zai taru ya zama sabon toshi, kuma ruɓewarsa tana shanye iskar da ke cikin ruwa. Alamar ita ce a ga karfasa da asuba sun taso sama suna buɗe baki, tarwaɗa da gaiwa kuwa ba ruwansu saboda suna iya shaƙar iskar sama. A raba gayyar gida biyu: masu yanka a gaba, masu ja da manjagara da igiya a baya, a tara a nesa da gaɓa yadda ruwa ba zai sake kwashewa ba.

Yanka ɗaya ba ya isa. Bayan mako uku zuwa huɗu za a ga sababbin ganye sun huda ruwa, kuma kowane ganye da ya fito ya sake buɗe wa saiwar hanyar iska. A koma a sake yankewa, sannan a sake komawa karo na uku. Na biyu da na uku ba su kai rabin wahalar na farko ba, amma su ne ake yawan tsallakewa, saboda idon mutane ya ga fili ya buɗe, hankali ya koma gona. Tun a zaman farko a sa ranakun komawa, a kuma ware waɗanda za su yi.

Inda ƙasa take iya bushewa, dabarar ta juya. A datse mashigar ruwa da buhunan yashi bayan kaka, a bar wurin ya bushe sosai, a yanke ciyawar a ƙone ta, sannan a bi da garma ko tarakta a tono saiwoyin a baje su a ranar Maris da Afrilu har su bushe ƙayau. Wuta ita kaɗai ba ta kashe kachala, domin ba ta kai wa ga abin da ke cikin laka, tokar ma taki ce a gare ta. A yi wa wutar iyaka, a kuma sanar da makiyaya da masu gonakin kusa.

Game da maganin feshi, shawarata a yi nesa da shi a duk ruwan da ake sha, ake su, ko ake shayar da dabbobi. Mai ƙona ganye nan take ba ya taɓa saiwa, mai sauka cikin saiwa kuma yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa an haɗa shi ne don tudu, kuma abin da aka gauraya a cikinsa yana cutar da kifi da kwaɗi. Wanda yake ganin ba makawa a gonarsa ya fara tuntuɓar malamin gona.

Lafiyar masu aiki tana cikin lissafi. Duhuwar kachala matattarar ƙananan dodon koɗi ce masu ɗauke da tsargiya, ga matsattsaku, ga macizai, ga sauro. A sa dogon takalmin roba da safar hannu inda hali ya yi, a rage daɗewa cikin ruwa da tsakar rana, a yi wanka da sabulu a goge jiki da zarar an fito, kada kuma a sa yara a cikin masu shiga ruwa. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin ya je asibiti, akwai maganin praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin mutum.

Tarin ciyawar da aka fitar ba shara ba ne. Busasshiyarta tana yin zana da jinka da tabarma, ɗanyen tohonta dabbobi suna ci, sauran kuma a haɗa da kashin shanu a rufe ya zama taki, amma a cire zangarniyar a ƙone ta daban don kada a kai iri gona. A Senegal da Muritaniya ana sarrafa ta zuwa gawayin girki, a nan yankin Haɗeja ma an gwada mayar da ita abincin dabbobi da iskar gas ta girki a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa. Sai dai a lura da wani abu: mai neman ciyawar don sayarwa zai so ya yanka a sama don ta sake fitowa, mai son rafi ya buɗe kuwa a ƙasa zai yanka, saboda haka a raba wuraren biyu tun farko.

Wurin da aka share ba a barinsa haka nan. Irin kachala yana tsirowa ne a kan jiƙaƙƙiyar laka da rana ke duka, wato daidai yanayin da sharar ta samar. A shuka shinkafa ko a dasa burgu a gefen rafin don su rufe ƙasa, a kuma riƙa zagayawa ana tuge ƙananan tsirrai da hannu tun saiwarsu ba ta yi tafiya ba. Masu noman rani na kusa su daina zuba takin zamani dab da lokacin sakin ruwa mai yawa, domin abin da ya gangara rafi kachala ce take cinye shi. A dausayin Everglades na Amurka, takin da ya gangaro daga gonaki shi ne ya sa wannan ciyawa ta kori ta asalin wurin. Masuntan da ke ci-rani a Kainji ko wasu tafkuna kuma su wanke kwale-kwale, su shanya kalli da taru su bushe kafin su jefa su a ruwan gida. Ciyawar nan mai furen shuɗi-shuɗi da ke yawo a kan ruwa, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984, cikin 'yan shekaru kuma ta kai Kainji, kuma ɗan reshe guda da ya maƙale a raga ya isa ya kafa ta a sabon wuri.

Akwai iyakar abin da lauje zai iya. Manyan rafuka da laka ta cike sai injin haƙa mai tafiya a kan ruwa, tsarin sakin ruwa daga Tiga da Challawa kuma yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ƙauyukan da ke kan rafi guda su haɗu su rubuta takarda ɗaya ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma, maimakon kowa ya tafi shi kaɗai. A cikinta a faɗi sunan rafin da tsawon da aka share da hannu, a haɗa da kwafin littafin turke da hotunan waya na kafin aiki da bayansa, a nuna wurin da ya gagari hannu yake buƙatar inji, sannan a nemi abubuwa biyu a fili: a riƙa sanar da jama'a kafin a ƙara ko a rage sakin ruwa domin a daidaita ranakun yanka da shi, a kuma duba yiwuwar tsayar da ruwa daga rafin na wasu makonni a tsakiyar rani, a lokacin da manoman ban-ruwa na wurin suka amince da shi.